Gini ya makara: lalacin ma'aikata ne, ko alƙaluma za su nuna wani abu daban?

"Assalamu alaikum. Ni ƙaramin injiniya ne, shekarata ta biyu ke nan da fara aiki. An ba ni kula da ginin ɗakunan kwanan ɗalibai mai hawa biyu a Zariya, wanda aka ce za a gama cikin wata tara. Yanzu muna wata na bakwai, ko dekin na biyu ba mu zuba ba. Maigidana ɗan kwangila ya ce lalacin magina da leburori ne, su kuma suna cewa kaya ne ba sa zuwa a kan lokaci. Na ji ana cewa ana amfani da nazarin alƙaluma a gano abin da ke jawo jinkiri, da kuma yawan aikin da ma'aikata ke fitarwa. Ta ina zan fara? Kuma dole ne sai da manhaja mai tsada?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Injiniya, Allah ya yi wa aikinka albarka. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin da yawa cikinmu sai mun yi furfura a fagen gini kafin mu yarda cewa kan mutum ba ya riƙe abin da ya faru a wurin aiki cikin wata bakwai. Na shafe shekaru ina ƙididdigar kayan gini da tsara jadawalin aiki, galibi na gidaje da makarantu da ƙananan asibitoci a Kano da Kaduna da Abuja, kuma irin wannan musun da ke tsakanin maigidanka da ma'aikatansa na sha zama a tsakiyarsa.

Tambayoyi biyu ka haɗa a baki ɗaya, gara mu raba su tun yanzu. Ta farko: ina kwanakin suka tafi? Ta biyu: a cikin awannin da ma'aikata suka yi a wurin, aiki nawa suka fitar? Ana samun magina masu zafin nama, hannunsu ba ya hutawa, amma gini ya makara wata uku saboda ba a sayo rodi ba. Ana kuma samun masu sanyin jiki a aikin katangar waje, amma ranar miƙa makulli ba ta gusa ba ko da kwana ɗaya, domin babu aikin da ke jiran katangar. Wanda ya cakuɗa waɗannan biyu sai ya sallami lebura, ya bar ciwon yana nan.

Game da manhaja kuwa, kwantar da hankalinka. Littafin rubutu, biro, agogo, tef ɗin awo da Excel, manhajar lissafi da ke kan yawancin kwamfutoci, sun ishe ka a gini irin naka.

Ba yau aka fara wannan awon ba

Sama da shekara ɗari da suka wuce, a Amurka, an yi wani ɗan kwangila mai suna Frank Gilbreth wanda da aikin birkila ya fara. Ya zauna yana kallon magina, yana ƙirga motsin da kowa ke yi kafin ya ɗora tubali ɗaya. Ya ƙirga motsi 18. Da ya duba sai ya ga yawancinsu sunkuyo ne, da juyawa, da jujjuya tubali a hannu don neman fuskarsa mai kyau, da bubbuga shi ya zauna. Sai ya ƙera dandamalin da ake ɗagawa yayin da bango ke tashi, ya sa lebura ya riƙa jera tubalin tun daga ƙasa fuska mai kyau a sama, ya gyara kwaɓin ya yi laushin da tubali zai zauna ba sai an buga ba. Motsin ya dawo kusan 5, kuma an ruwaito cewa abin da magini ke ɗorawa a awa ya tashi daga 120 zuwa 350. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne maginin bai sauya ba. Abin da ke kewaye da shi aka gyara. Duk tsawon aikina, mafi yawan abin da na gani ya tafi a kan wannan layi ne.

Ta fuskar kwanaki kuma, a 1957 wasu mutum biyu, Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand, suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara kwana ɗaya, dukkan aikin ya makara kwana ɗaya. Ni ina kiran wannan jeri ƙashin bayan jadawali. A gininka ƙashin bayan ba ɓoyayye ba ne: harsashi, ginshiƙai, bulo zuwa linta, katakon dekin, ɗaurin rodi, zuba kankare, jiran ya yi ƙarfi, sannan hawa na gaba, har zuwa rufi. Sauran ayyuka, irin su katanga da shafen ɗakunan ƙasa da ramin salga, suna da rarar kwanaki. Saboda haka duk lokacin da wani ya ce maka "an yi asarar kwana uku", tambaya ta farko ita ce: a kan ƙashin baya, ko a gefe? Manhajojin tsara jadawali irin su Microsoft Project da Primavera P6 abin da suke lissafawa ke nan, amma ayyuka talatin ko arba'in za ka iya jera su da hannu a kan babbar takarda.

Masu bincike a jami'o'i sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan dalilan jinkiri. A 1994 Mansfield da Ugwu da Doran sun yi nazarin ayyukan gini a Najeriya, inda matsalar kuɗi da biyan aikin da aka gama, da rashin iya tafiyar da kwangila, da ƙarancin kaya suka fito a sahun gaba. A 2006 Assaf da Al-Hejji sun jero dalilai 73 a manyan ayyuka a gabashin Saudiyya, kuma dalilin da masu aiki (wato waɗanda suka ba da kwangilar) da 'yan kwangila da masu sa ido suka haɗu a kansa shi ne sauya zane ko umarni bayan an fara aiki. Waɗannan nazarce-nazarce suna da amfani, amma ka san yadda ake yin yawancinsu: takardar tambayoyi ake rabawa, kowa ya ba kowane dalili maki daga 1 zuwa 5, a tara makin, a raba da 5 sau yawan waɗanda suka amsa, a jera daga babba zuwa ƙarami. Ra'ayi ne aka ƙirga. Kuma a irin wannan takarda mai aiki ɗan kwangila yake nuna wa yatsa, ɗan kwangila ya nuna mai aiki, leburan kuwa ba kasafai ake ba su takardar ba. Ka karanta su don ka san inda za ka duba. Ba za su faɗa maka abin da ya faru a Zariya ranar Talatar da ta wuce ba.

Littafin yini

Nan ne duk maganar take, don haka zan daɗe a kai.

Kowace rana, kafin ka bar wurin, ka cika layi ɗaya ga kowane rukunin ma'aikata. Kwanan wata. Wane aiki, a wane sashe na ginin, a wane hawa. Magina nawa, leburori nawa. Ƙarfe nawa suka fara, ƙarfe nawa suka tashi. Aiki nawa aka fitar, da awo, ba da ido ba: murabba'in mita na bango ko shafe, kilo ko tan na rodi, kubik mita (tsawo sau faɗi sau kauri) na kankare. Sai gurbi mafi tsada a littafin: an tsaya? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, mutum nawa, kuma saboda me? Dalilin ka rubuta shi a ranar. Idan ka bari sai ƙarshen mako, abin da za ka rubuta shi ne abin da aka fi faɗa da ƙarfi, ba abin da ya faru ba.

Kada ka bar dalilan su zama labari. Ka tsayar da guda takwas ko goma ka ba kowanne lamba, misali: babu kaya, babu ruwa, inji ya lalace ko babu mai, ana jiran zane ko umarni, ana jiran mai duba aiki ya amince, ana jiran wani rukunin ya gama, ruwan sama, ma'aikata ba su zo ba, gyaran aikin da aka ɓata, ba a biya ba. Idan yau ka rubuta "siminti ya ƙare", gobe "mota ba ta iso ba", jibi "sito a kulle", Excel zai ɗauke su abubuwa uku daban, alhali ciwo ɗaya ne. Ka sa lambar, sannan ka ƙara ɗan bayani a gefe. Ka ɗauki hoto biyu ko uku kullum daga kusurwa ɗaya, wayarka za ta riƙe maka kwanan wata da lokaci.

Yanzu ga lissafin, da misalin da na ƙirƙira don ka gani. A ce magina 4 da leburori 6 sun yi awa 8. Awannin mutum 80 ke nan. Sun ɗora bulo mai inci tara guda 400. Kusan bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya, don haka sun yi murabba'in mita 40, wato awa 2 a kan kowane ɗaya. Kashegari mutanen nan dai sun ɗora 240 kacal, murabba'in mita 24. Ka raba 80 da 24, ka samu sama da awa 3. Maigidanka ya zo da yamma ya ƙirga sahun bulo, ya ce lalaci. Amma littafinka ya nuna tankar ruwa ba ta iso ba sai ƙarfe 11, alhali an zo ƙarfe 8. Mutum 10 sun zauna awa 3, awanni 30 sun tafi. Saura 50. Ka raba 50 da 24, ka samu awa 2 da ɗan ɗoriya. Ashe hannunsu bai sauya ba ko kaɗan. Shi ya sa nake so ka riƙa fitar da lamba biyu kullum: ɗaya da dukkan awannin da aka biya, ɗaya da awannin da aka samu damar aiki. Ta farko tana nuna abin da ɗan kwangila ya kashe, ta biyu tana nuna ƙwazon ma'aikata, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce makin da mu masu gudanarwa muka ci.

Wannan misali na ruwa daga abin da ya same ni na ɗauko shi. Na taɓa aiki a wani gini a bayan gari inda babu rijiyar burtsatse, muna dogaro da tanka. Foman ya rantse mini cewa maginan malalata ne, ni ma na fara yarda, domin duk lokacin da na iso da hantsi a zaune nake tarar da su a inuwa. Da muka riƙe littafi na 'yan makonni sai ga shi a fili: kusan kowace safiya ana jiran ruwa, saboda direban sai ya kai wa wasu kafin ya zo mana. Muka gina ƙaramin kwarmin ajiyar ruwa da bulo, muka koma karɓar ruwa da yamma. Ba mu sallami kowa ba, ba mu ƙara kowa ba, bango ya fara tashi. Har yau idan na tuna kallon da na riƙa yi wa mutanen nan kafin in san gaskiya, ba na jin daɗi.

Bayan mako huɗu zuwa shida, ka tara awannin da kowane dalili ya cinye, ka jera daga mafi girma. Kusan kullum dalilai biyu ko uku ne za su kwashe mafi yawa. Su za ka kai wa maigidanka. Ka lura da cewa awanni nake cewa ka tara, ba yawan faruwa ba. Lalacewar injin kwaɓa kankare sau ɗaya a ranar zuba dekin, mutum arba'in suna tsaye, ta fi jinkirin ƙusa sau goma.

Wata 'yar dabara kan matsakaici. A ce cikin kwana biyar an yi murabba'in mita 40, 42, 38, 41 da 9. Idan ka tara ka raba biyar za ka samu 34, lambar da ba ta yi kama da ko rana ɗaya ba. Ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya, 40, ita ce ainihin abin da rukunin ke iya yi. Ranar 9 ɗin kuma ka je ka bincika ta ita kaɗai. Ka zana yawan aikin kowace rana a layi. Hawa da saukar layin ya fi tsayinsa ba da labari, domin rukunin da yau ya yi 45 gobe 15 ba gwaninta ya rasa ba, wani abu ne ke katse shi.

Zagayen ƙirga da alkawarin mako

Littafin yini yana kama tsayuwa mai tsawo, amma ba ya kama ƙananan ɓarnar da ke cikin awannin aiki: lebura ya yi tafiya mai nisa da kwano saboda an sauke yashi a bakin ƙofa, magini yana jiran kwaɓi minti biyar sau ashirin a yini. Don wannan akwai hanyar da wani masanin lissafi, L. H. C. Tippett, ya fito da ita a masaƙun auduga na Ingila a shekarun 1930. Ka zagaya wurin a lokutan da ba wanda ya sani, kai ma ka zaɓe su da ƙuri'a tun da safe. Duk mutumin da idonka ya sauka a kansa, a wannan daƙiƙar, ka sa masa alama ɗaya cikin uku: yana aikin kansa, yana aikin taimako kamar ɗauko kaya ko awo, ko yana tsaye. Ba ka rubuta suna. Lissafi ya nuna kana buƙatar kallo kusan 384 kafin ka amince da sakamakon da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Idan kana da mutum 20, zagaye 20 ya kai ka 400, aikin mako guda ne. Idan ka tarar aikin taimako ya yi yawa, duba inda tifa ke juye yashi da tsakuwa, da inda ake kwaɓi, da yawan baro. Sau da yawa matsar da tulin yashi kusa da bango ya fi ƙara lebura biyu.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauƙi, kuma ita na fi so. Glenn Ballard da Greg Howell ne suka yaɗa ta a Amurka a shekarun 1990, bayan sun gano cewa a wuraren ginin da suka auna, kusan rabin ayyukan da aka tsara wa mako ne kawai ake gamawa a makon. Ranar Asabar ko Litinin da safe ka zauna da foman da shugaban magina da kafinta da mai ɗaurin rodi. Kowa ya faɗi abin da zai gama a makon, da bakinsa, amma ba a rubuta aiki sai an tabbatar kayansa da zanensa da wurinsa a shirye suke. Ƙarshen mako a duba: an gama ko ba a gama ba. Babu "saura kaɗan". Ka fitar da kashi nawa cikin ɗari aka cika, kuma kowane alkawarin da ya faɗi a rubuta dalilinsa. Amfaninta shi ne tana nuna maka jinkiri tun yana ƙwai, kafin ya bayyana a jadawali.

Inda alƙaluma ke yaudarar mutum

Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. A ce ka ga aiki ya ragu a Agusta. Kowa zai ce ruwan sama, tunda a watan ne damina ta fi ƙarfi a yankin Zariya da Kano. Amma a damina ne kuma 'yan ci-rani ke komawa gona, ka rasa leburorin da suka saba da wurin, ka ɗauki sababbi. Wataƙila kuma a watan ne kuka hau sama, inda kowane bulo sai an ɗauke shi a ka an hau da shi. Wataƙila a watan ne biya ya tsaya. Dalilai huɗu a wata ɗaya. Hanyar warware su ita ce ka kwatanta abin da ya yi kama: ranakun ruwa da ranakun da ba ruwa a hawa ɗaya, da rukuni ɗaya, a bango iri ɗaya. Doguwar katanga miƙaƙƙiya da bangon banɗaki mai kusurwoyi da tagogi ba a haɗa su a kwando ɗaya. Akwai lissafin da ke ware tasirin kowane dalili shi kaɗai, kuma Excel na iya yin sa, sai dai yana son layuka masu yawa. Da layi ashirin da dalilai shida zai ba ka amsa mai kyan gani wadda ba ta da tushe. Haka ma ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kai: manyan kamfanoni masu tarihin ɗaruruwan ayyuka suna amfani da ita wajen hasashen jinkiri, amma a gini ɗaya ba ta da abin da za ta koya.

Ka kuma sa gurbi don yanayin ƙasarmu, wanda littattafan waje ba su cika ambata ba. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, yana kashe aikin bayan azahar. A azumi mutane da yawa sun fi son a fara bayan asuba a tashi da rana, kuma awo zai nuna maka ko hakan ya fi a wurinka. Juma'a ba cikakken yini ba ce, makon Sallah kuwa kada ka sa shi a jadawali kamar sauran makonni. A hunturu shafe da kankare na saurin bushewa, idan ba a shayar da su ba sai tsagewa, sai gyara. Duk waɗannan sanannu ne tun kafin a haƙa harsashi. Jadawalin da bai lissafa su ba, shi ne ya yi kuskure.

Sai batun jinga, wanda ya fi kowanne rikitar da lissafi. Ma'aikacin yini idan kaya suka yanke yana zaune, ɗan kwangila ke asara. Ma'aikacin jinga kuwa shi ke asara, domin sai ya ɗora bulo zai ci abinci. Don haka idan siminti ya yanke kwana biyu, zai tafi wani ginin, kuma ranar da siminti ya iso ba lalle ya dawo ba, ya riga ya karɓi aikin wani. Littafinka zai ce "ma'aikata ba su zo ba" har kwana huɗu, amma asalin dalilin siminti ne, simintin kuma asalinsa wataƙila mai aiki ne bai biya ɗan kwangila ba. Duk dalilin da ka rubuta, ka tambayi "me ya jawo shi?" har sai ka kai inda tambayar ta ƙare. Ba ina wanke ma'aikata ba ne gaba ɗaya. Akwai mai zuwa a makare, akwai mai ha'inci, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Awo zai nuna wannan ma idan yana nan. Amma sai ka cire awannin jira tukuna kafin ka sami bakin cewa wani malalaci ne.

Zan faɗa maka kuskuren da na yi don kada ka maimaita. Na taɓa liƙa sunayen magina a bango da yawan bulon da kowa ya ɗora, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ina zaton zai zaburar da su. Lamba ta tashi cikin mako guda. Da muka sa ma'auni sai muka tarar bangaye sun karkace, tsakanin bulo wani wuri kwaɓi ya yi kauri, wani wuri babu. Muka rushe, muka sake, kuma zumuncin da ke tsakanin maginan ya ɓaci. Tun daga nan rukuni nake aunawa, ba mutum ba, kuma aikin da aka duba aka karɓa kaɗai nake ƙirgawa. Ka tara su ka faɗa musu abin da kake rubutawa da dalilinsa. Ka nemi shugaban magina, wanda wataƙila ya girme ka da shekara ashirin, ka ce masa, "Baba, ina so in rubuta abin da ke hana ku aiki ne, in kai gaba." Idan suka ga littafin ya kawo ruwa da wuri, da kansu za su riƙa kiranka ka rubuta. Idan suka ga ya zama bulala, ba za ka sake jin gaskiya ba.

Watanni bakwai da suka wuce

Ga waɗannan ba ka da littafi, amma ba ka rasa komai ba. Rasiɗan siminti da rodi suna da kwanan wata. Takardar biyan ma'aikata tana nuna mutum nawa suka zo kowane mako. Saƙonnin WhatsApp tsakaninka da maigidanka da mai zane, da hotunan wayarka, da takardun neman biya da ranar da kuɗin ya shigo, duk shaida ne. Ka jera su a kan layin kwanaki, ka ɗora a kan ƙashin bayan jadawalin farko, ka ga inda gibin ya buɗe. Idan maganar ta kai ga neman diyyar awannin da cikas ya cinye, akwai hanyar da masu sasanta rikicin kwangila suka fi yarda da ita: a ɗauki lokacin da aiki ya tafi lami lafiya a wannan ginin, a kwatanta da lokacin da aka samu cikas. Idan a lokacin lafiya awa 2 ne kowane murabba'in mita, sannan a lokacin cikas murabba'in mita 600 ya ci awa 1,800 maimakon 1,200, to awa 600 ne asarar. Ƙa'idar da ƙungiyar masana dokar gine-gine ta Birtaniya ta fitar a 2002, ta sabunta a 2017, ta fifita wannan hanya, kuma ta nanata ajiye bayanai a lokacin da abu ke faruwa. Idan aikin na gwamnatin tarayya ne, dokar ba da kwangila ta 2007 ta ɗauki kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya a matsayin biyan da aka jinkirta. A wannan gaɓar aikinka shi ne tara shaida. Fassara sharuɗɗan kwangila kuwa na lauya ne da ƙwararren mai ƙididdiga, kuma shawarata nan ta tsaya ga gine-gine irin naka, hanya da gada da dam suna da nasu awon.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka yi wa maigidanka cikin ladabi: wata taran nan daga ina ya fito? Farfesa Bent Flyvbjerg na jami'ar Oxford ya tara bayanan ayyuka sama da 16,000 a faɗin duniya, ya tarar kashi 8.5 cikin 100 ne kawai aka gama a kan lokaci kuma a kan kuɗin da aka tsara. Shawararsa ita ce a daina fara lissafin wa'adi daga fata, a fara daga tarihin ayyuka masu kama da wanda za a yi. Ka nemi gine-gine biyar ko shida masu hawa biyu da kamfaninku ya gama, ka duba wata nawa kowanne ya ci daga harsashi zuwa makulli. Idan babu wanda ya gaza wata goma sha huɗu, to wani ɓangare na makararku tun ranar sa hannu aka rubuta shi. Kankare a kwana 28 ake auna ƙarfinsa, kuma katakon da ke ƙarƙashin dekin yana da kwanakin da dole ya yi kafin a cire. Ina roƙonka kada matsin jadawali ya sa ka taɓa waɗannan kwanaki, ɗalibai ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Ranar da za ka kai wa maigidanka sakamakon, ka kai shi a shafi ɗaya: dalilai uku mafi girma, awannin da kowanne ya ci, waɗanda suka faɗa kan ƙashin baya, da kuɗin awannin a naira bisa abin da yake biyan magini da lebura a yini. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban foman ko ma'aikata ba, domin akwai yiwuwar layi na farko a shafin ya shafi ofishinsa. Ka zo da gyara ɗaya mai araha da za a gwada na mako biyu, kamar odar siminti tun saura buhu hamsin a sito, ko karɓar ruwa da yamma, sannan ka ci gaba da cika littafin don ku ga tare ko lambar ta motsa.